Sharhi: Daga tikitin kasuwa zuwa magudanar ruwa, wa ke yanke shawara a ma'aikatar magajin gari?

Kowace safiya a kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai, akwai mutumin da ke zagayawa da ɗaurin tikiti a hannu. Mai tumatir ta kwance bakin zane ta miƙa masa silalla, mai gyaran salula ya biya nasa, mai baro ma ya biya. Kuɗin da kowa ke bayarwa ba su taka kara sun karya ba, amma kullum ne, kuma dubban mutane ne. Idan ka tsayar da ɗaya daga cikin masu biyan ka tambaye shi wa ya tsayar da kuɗin tikitin, nawa aka tara bara, kuma me aka yi da su, da wuya ka samu amsa.

Amsar tana cikin takardun ma'aikatar magajin gari. A nan ne ake yanke ƙananan shawarwarin da ba su cika shiga kanun labarai ba: wace magudanar ruwa za a yashe kafin damina, wane fili za a yanka a raba, ina za a kai juji, nawa ɗan kabu-kabu zai biya, wace makaranta za a ƙara wa aji. Tun watan Afrilun 2024 hanyar yanke waɗannan shawarwari ta canja a duk faɗin Nijar, kuma canjin ya shafi aljihun mazaunin birni da na ɗan ci-rani fiye da yadda ake zato.

Yadda tsarin yake a da

Zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya kafa majalisu a ko'ina cikin ƙasar an yi shi ne a ranar 24 ga Yulin 2004. An sake yin wani a watan Janairun 2011, sannan na baya-bayan nan a ranar 13 ga Disamban 2020. Dokar da ta tsara aikin waɗannan majalisu ita ce ta ranar 17 ga Satumban 2010, wadda ta bai wa birane huɗu matsayi na musamman: Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa. An kasa kowannensu gunduma-gunduma, Yamai biyar, Damagaram biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu, kuma sama da gundumomin akwai majalisar birni guda da babban magajin gari.

A bisa wannan doka, jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Majalisa na zama sau huɗu a shekara, wato duk bayan wata uku, ban da zaman gaggawa idan wata matsala ta taso. Sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin suna da kujera a zauren, ana jin ra'ayinsu, amma ba su kaɗa ƙuri'a. Duk abin da majalisa ta zartar sai an aika wa wakilin gwamnati, perfe ko gwamna, ya duba ko bai saɓa wa doka ba. Kansiloli kuma suna da ikon kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga magajin gari.

Zaman da ya fi kowane nauyi shi ne na kasafin kuɗi, wanda ake yi a ƙarshen shekara don shekara mai zuwa. Kasafin kashi biyu ne. Akwai kuɗin gudanarwa, wato albashi, man mota, wuta, ruwa, alawus na zama da kayan ofis. Akwai kuma kuɗin ayyuka, wato azuzuwa, rijiyoyi, magudanan ruwa, rumfunan kasuwa da hanyoyi. Duk wanda ke son sanin inda garinsa ya dosa, ya kwatanta waɗannan kaso biyu kawai. Bayan shekara ta ƙare, magajin gari zai dawo gaban majalisa da lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a zahiri.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙa'ida zaman majalisar a buɗe yake ga jama'a. Ɗalibi, ɗan kasuwa ko ɗan jarida na iya shiga ya zauna a baya ya saurara. Sai dai cikin shekaru ashirin da tsarin ya yi, kujerun bayan nan sun fi zama wayam. Matasan da ke kwana a fada suna muhawara kan siyasar Yamai da ta Faransa ba su cika sanin ranar da ake tattauna kasafin unguwarsu ba.

Abin da ya canja a 2024

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar soja ta CNSP ta bar zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi suna aiki na wasu watanni. A ranar 4 ga Afrilun 2024 ne Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta rushe su baki ɗaya, na jihohi, na birane da na karkara. An maye gurbinsu da kantomomi da gwamnati ta naɗa, waɗanda yawancinsu jami'ai ne masu kaki, tare da wasu fararen hula. A Yamai, Kanar Boubacar Soumana Garanké ne ya gaji kujerar Oumarou Dogari. A ranar 26 ga Maris 2025 kuma aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara biyar, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa.

A aikace, aikin da a da yake hannu biyu ya koma hannu ɗaya. A tsohon tsari majalisa ke zartarwa, magajin gari ya aiwatar, majalisa ta sake binciken abin da ya yi. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake bai wa rahoto, wato ma'aikatar cikin gida da mahukuntan ƙoli. Ko da ya tara sarakuna, shugabannin ma'aikatu da wakilan ƙungiyoyi don jin ta bakinsu, mai ba da shawara ba shi da ƙarfin mai kaɗa ƙuri'a, domin ba zai iya hana kasafi wucewa ba, kuma ba zai iya sauke kowa ba.

Wannan ba shi ne karon farko da gwamnatin tsakiya ke shiga harkar ma'aikatun magajin gari ba. A zamanin mulkin farar hula ma an yi haka. An tsige Oumarou Dogari daga kujerar Yamai a 2013. A 2017 an sauke Assane Seydou, aka rushe majalisar birnin, aka ɗora Mouctar Mamoudou a kan kwamitin riƙo. Kansilolin da aka zaɓa a 2011 wa'adinsu ya cika a 2016, amma aka yi ta tsawaita shi har zuwa zaɓen 2020. Tun can baya ke nan, ikon ƙananan hukumomi a Nijar bai taɓa tsayawa da ƙafarsa sosai ba. Bambancin 2024 da waɗannan misalai shi ne rushewar ta shafi ƙasar duka a rana guda.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan matakin suna da abin faɗa. Tsofaffin majalisu da dama sun yi ƙaurin suna wajen rikicin jam'iyya, inda zaman da ya kamata a yi kan shara da ruwan sha ke ƙarewa kan ƙuri'ar tsige magajin gari. An sha jin ma'aikatan ƙananan hukumomi na bin bashin albashi na watanni. Rahotannin masu binciken ma'aikatar cikin gida sun sa majalisar ministoci ta sauke magadan gari da dama a shekarun baya bisa zargin rashin iya riƙon dukiyar jama'a. A ganin wannan ɓangare, kantoma ba ya bin kowace jam'iyya bashi, ba ya tsoron rasa ƙuri'ar masu rumfunan da suka toshe hanya, don haka zai iya yanke shawara da sauri.

Masu suka kuwa na cewa saurin yanke shawara ba ya tabbatar da cewa shawarar daidai ce. Kansila, komai rauninsa, ɗan unguwa ne. An san gidansa, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna, ana iya tare shi a ce ruwa ya ci gidan wance. Kantoma sau da yawa baƙo ne a garin, kuma ana iya ɗauke shi gobe da takarda ɗaya kamar yadda aka kawo shi. Akwai kuma batun mata. Dokar kaso, wadda aka gyara a 2019, ta tanadi kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe ga jinsin da ke da ƙarancin wakilci, kuma majalisun ƙananan hukumomi na cikin wuraren da mata suka fi samun shiga. Da aka rushe majalisun, waɗannan kujeru sun tafi tare da su.

Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya a wani wuri. Amma idan aka tsaya kan wa ya fi, zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, za a tsallake matsalar da ta riga su duka, wato kuɗi da kuma ɓoyon lissafi.

Aiki da yawa, asusu ƙarami

A watan Janairun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. A takarda, gina aji a makarantar firamare, kula da ƙaramar likitar ƙauye da gyaran famfon unguwa duk sun zama aikin ma'aikatar magajin gari. Sai dai kuɗin da ya kamata su biyo bayan nauyin ba su zo daidai da shi ba. Hukumar ANFICT, wadda aka kafa a 2008 don ta riƙa isar da tallafin gwamnati da na masu hannu da shuni ga ƙananan hukumomi, ta dogara ne da abin da baitulmali ya saki.

Hanyoyin samun kuɗin ƙaramar hukuma uku ne. Na farko, abin da take karɓa da kanta: harajin kai da ake karɓa ta hannun masu unguwa da masu gari, tikitin kasuwa, na tasha, na mahauta, hayar rumfuna da kuɗin takardu. Na biyu, harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa sannan ta mayar wa ƙaramar hukuma kasonta, kamar na gidaje da na sana'a, wanda sau da yawa yake makara. Na uku, tallafin gwamnati da na ƙungiyoyin ƙetare. Yankunan da ake haƙo ma'adinai ko man fetur doka ta ware musu kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗin shiga, amma su ma sun daɗe suna kukan bashin da ya taru.

A nan ne ake shiga zagayen da kowa ya sani. Mai biyan haraji ya ce bai ga aiki ba, don haka ba zai biya ba. Ma'aikata ta ce ba a biya ba, don haka ba za ta iya aiki ba. Ɗan abin da ya shigo sai albashi da man mota su lanƙwame, kason ayyuka ya zauna a takarda. Ga kuma yawan jama'a da ke ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta nuna Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya, Maraɗi ta wuce dubu 260, kuma ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara. Garin da yawansa ke ninkawa cikin kimanin shekara ashirin ba zai wadatu da magudanan ruwan da aka gina wa iyayensa ba.

Abin da ke biyo bayan wannan giɓi ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilun 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan ashirin suka rasu. A ranar 8 ga Nuwamban wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, inda yara sama da ashirin suka rasa rayukansu. Ajin zana yana nan ne saboda ba a samu kuɗin gina na siminti ba, kuma layin da ke cewa aji nawa za a gina bana yana cikin kasafin da mutane ƙalilan ke karantawa.

Filaye: inda kuɗi da rigima suka haɗu

Da yake haraji ba ya isa, ma'aikatun magajin gari sun daɗe suna jingina da yankan filaye. A karɓi gonakin bakin gari, a auna, a ba masu gonaki kasonsu, a sayar da sauran. Hanya ce mai kawo kuɗi nan take, kuma an sha amfani da ita wajen toshe ɓarakar albashi. Illarta kan fito ne bayan shekaru. Ana raba filaye ba tare da hanyar ruwa ba, ba famfo, ba wuta. Wuraren da aka ware don makaranta, likita ko filin wasa sai a wayi gari an gutsure su. Wani lokaci ma kwari da hanyar kwararar ruwa ake yankawa a sayar.

Wannan batu ya fi taɓa 'yan uwanmu da ke Abijan, Akara, Kwatano, Legas, Aljeriya da Libiya. Ɗan ci-rani kan yi shekaru yana tara kuɗi, ya aiko wa ƙaninsa a saya masa fili, a turo masa hoton takarda ta WhatsApp. Takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa shaidar mallaka ce ta farko, amma ba ita ce takardar ƙarshe da ofishin filaye na gwamnati ke bayarwa ba, kuma labarin fili ɗaya mai takarda biyu ba baƙo ba ne a kotunanmu. Kafin a biya, ya kamata a nemi ganin taswirar yankan da aka amince da ita, a tabbatar lambar filin tana cikin rajistar ma'aikata da sunan mai sayarwa, a kuma je wurin da ido a lokacin damina, ba a rani kaɗai ba.

Darasin daminar 2024

Watanni kaɗan bayan naɗa kantomomi, damina ta gwada kowa. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Maraɗi, ya yi ajalin aƙalla mutum 15. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. A faɗin ƙasa, alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliyar ta shafa. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma an tsugunar da waɗanda suka rasa muhalli a cikinsu.

Ba wanda zai ɗora wa magajin gari ko kantoma alhakin yawan ruwan sama. Amma inda ruwan ya bi, da inda ya tsaya, sakamakon shawarwarin shekaru ne: wane kanibo aka yashe a watan Mayu, wanne aka bari cike da leda da yashi, wa aka ba izinin gini a kan hanyar ruwa. Tun 2014 akwai dokar da ta haramta shigowa da sayar da leda marar kauri, amma kowa na ganin abin da ke toshe magudanan biranenmu. Mutanen Maraɗi ma suna da tarihin da zai tuna musu. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka ɗauke tsohon garin daga fadama aka mayar da shi kan tudu. Shawarar da aka yanke a lokacin ita ce ta ba garin fasalinsa na yau.

Haka kuma bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018, sun kawo wa biranen kwalta, fitilu da gine-gine da kuɗin gwamnatin tsakiya. Bayan an watse, gyara da kulawa sun faɗo kan ma'aikatun magajin gari. Fitilar titin da ta mutu ba a canja ba, ko ramin da ya buɗe a sabuwar hanya, alama ce ta kasafin da bai tanadi kuɗin gyara ba.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran zaɓe ba

Kundin riƙon ƙwarya ya nuna cewa tsarin kantomomi na iya daɗewa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani a yanzu ita ce yadda za a cike gurbin da rashin majalisa ya bari. Akwai matakan da ba su buƙatar sabuwar doka ko kuɗi mai yawa.

Na farko, a manna kasafin kuɗi da lissafin ƙarshen shekara a ƙofar ma'aikata, a kuma karanta su a gidajen rediyo da Hausa, Zabarmanci da sauran harsunan yankin. Tun da kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa mai tumatir ta biya haraji da Hausa amma lissafinsa ya tsaya cikin Faransanci. Na biyu, kowace kasuwa da tasha a riƙa bayyana abin da ta tara a wata, domin masu biya su kwatanta da abin da suke gani da idonsu. Na uku, duk wani sabon yankan filaye a baje taswirarsa ga jama'a kafin a fara sayarwa, a nuna inda makaranta, likita da hanyar ruwa za su kasance. Na huɗu, kafin watan Yuni a fitar da jerin magudanan da za a yashe da sunan wanda aka ba aikin.

Nijar tana da dokar 23 ga Fabrairun 2011 wadda ta ba ɗan ƙasa haƙƙin neman bayanai da takardun hukuma. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ƙungiyar matasan unguwa, ko ƙungiyar 'yan asalin gari da ke zaune a ƙetare duk suna iya rubuta takarda su nemi kwafin kasafin ƙaramar hukumarsu. 'Yan ci-ranin da ke haɗa kuɗi su gina aji ko su haƙa rijiya a garinsu suna da ƙarin dalilin tambaya, domin aikin da suke yi da guminsu aikin da doka ta ɗora wa ma'aikatar magajin gari ne.

Kantoman da ya buɗe littafinsa ba abin da zai rasa. Shi ne ma zai fi samun masu biyan haraji, domin wanda ya ga inda dalarsa ta shiga ya fi saurin sake miƙawa. Zaman kasafin kuɗi na gaba zai zo a ƙarshen shekara kamar yadda aka saba, ko an sanar a rediyo ko ba a sanar ba, kuma a nan ne za a tsayar da kuɗin tikitin da za a karɓa a kasuwa da magudanan da za a yashe kafin ruwan farko.